Sharhi: Wa zai koya wa mai digiri yadda ake koyar da karatu da lissafi?

A watan Satumba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da wani umarni da ya sa masu makarantun sakandare, na gwamnati da masu zaman kansu, suka shiga taitayinsu. Umarnin ya ce daga shekarar 2027 duk makarantar da malamanta ba su da rajista da Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, wato TRCN, ba za a amince mata ta zama cibiyar rubuta jarrabawar WAEC ko NECO ba. An kuma bar ƙofa a buɗe ga masu digirin da ba na fannin ilimi ba, waɗanda suka yi aƙalla shekara guda suna koyarwa, su shiga wani taƙaitaccen kwas na wata uku zuwa shida a Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, domin su cancanci rajistar.

A cikin shekarar ne kuma aka tsayar cewa kwalejojin ilimi na tarayya da suka cika sharuɗɗa za su fara bayar da digiri na ƙashin kansu tare da takardar NCE, bisa dokar da aka sanya wa hannu a 2023. Kafin nan sai dai su raɓu da wata jami'a. Wasu daga cikin tsofaffin kwalejojin, irin su na Zariya da Kano da Ondo da Owerri, tuni an ɗaga su zuwa jami'o'in ilimi.

Matakan biyu alƙibla ɗaya suka fuskanta: nan da 'yan shekaru, mai tsayawa gaban allo a Najeriya zai kasance mai digiri, ko mai digiri da ƙarin takarda. Ba wanda zai ƙi wannan. Abin da ba a cika tattaunawa a kansa ba shi ne abin da ke ƙunshe cikin horon da ake ba mai digirin, da ko horon zai sa ya iya koya wa yaro ɗan shekara bakwai karatu, ko ya gane inda yarinya 'yar aji huɗu ta ɓata hanya a lissafin ragi.

Alƙaluman da ake da su ba su bar wurin jinkiri ba. Binciken gida-gida da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa kusan yara uku cikin kowane huɗu masu shekara 7 zuwa 14 ba su iya karanta gajeren labari su fahimce shi ba, haka kuma lamarin yake a sauƙaƙan ayyukan lissafi. Yawancin waɗannan yara suna zuwa makaranta. A ɓangaren malamai, gwajin da Jihar Kaduna ta yi a 2017 ya ƙare da sallamar malaman firamare 21,780 daga cikin kimanin 33,000. A Borno, a 2022, kwamitin da ya gwada malamai 17,229 ya ce 5,439 ne kawai suka cancanta, 7,975 kuma za su iya gyaruwa idan an horar da su, sauran kuwa ya ce horo ma ba zai amfane su ba. An yi ta muhawara kan adalcin waɗannan gwaje-gwaje, kuma ƙungiyar malamai ta NUT ta yi tir da na Kaduna. Sai dai wani abu guda ya fito fili daga cikinsu: da yawa daga waɗanda suka faɗi suna riƙe da takardun shaidar malanta, wasu har da digiri. Ke nan ƙarancin takarda ba shi kaɗai ne ciwon ba.

Yadda mai digiri ke zama malami

Hanya mafi shahara da mai digiri a fannin da ba na ilimi ba ke bi ita ce babbar difloma ta ilimi, wadda aka fi sani da PGDE. Jami'o'i da dama suna bayar da ita, haka ma cibiyar da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, lokacin da makarantu suka cika maƙil malamai suka yi ƙaranci. Karatun PGDE yakan ɗauki zangon karatu biyu. Ɗalibi zai yi tarihin ilimi, falsafarsa, halayyar ɗan Adam, tsara manhaja, gudanar da makaranta, awo da gwaji, da hanyoyin bincike. Sannan akwai darasin dabarun koyarwa, da koyarwar gwaji ta 'yan makonni a wata makaranta, da kundin bincike a ƙarshe.

Ba darasi ko ɗaya a cikin waɗannan da za a kira maras amfani. Matsalar tana cikin rabon lokaci. Wanda ya karanta kimiyyar sinadarai da wanda ya karanta tattalin arziki da wanda ya karanta Larabci sukan zauna a zaure guda suna sauraron lacca guda a mafi yawan zangon. Abin da ya keɓanta da fannin kowannensu, wato yadda ake koyar da shi ga yaro, shi ne yake samun kaso mafi ƙanƙanta. Yawancin masu yin kwas ɗin kuma ma'aikata ne da ke zuwa a ƙarshen mako ko lokacin hutu, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawansu takardar suke nema domin rajista ko ƙarin girma. Idan haka lamarin yake a kwas na shekara guda, ana iya hasashen yadda zai kasance idan aka matse shi cikin wata uku.

Wani masanin ilimi ɗan Amurka, Lee Shulman, ya ja hankali a 1986 ga wani nau'in sani da ya bambanta da sanin fanni, ya kuma bambanta da sanin dabarun koyarwa na gaba ɗaya. Shi ne sanin yadda ake juya wani fanni takamaimai ya shiga kan mai koyo: wane misali ne ke buɗe shi, wane kuskure ne yara suka saba yi a cikinsa, kuma me ke haifar da kuskuren. Tun daga lokacin, ƙasashe da dama suka sake fasalin horar da malamansu a kan wannan tunani. A nan ne kuma horon da ake ba masu digiri a Najeriya ya fi rauni.

Misalin lissafi zai fayyace batun. A ba yaro 52 a ce ya cire 17, sai ya rubuta 45. Malamin da bai samu horo ba zai ja jan biro ya ce a sake. Wanda ya samu horo zai gane nan take cewa yaron ba caɓe yake yi ba, doka yake bi, sai dai dokar ce gurguwa: a kowane layi yana cire ƙaramar lamba daga babba, biyu daga bakwai ya samu biyar, ɗaya daga biyar ya samu huɗu. Yaron bai gane cewa biyar ɗin da ke cikin 52 gomomi biyar ba ne, kuma ana iya warware ɗaya daga cikinsu ya zama ɗaiɗai goma. Maganinsa ɗaurin tsinke goma-goma ne, ko canjin naira hamsin zuwa goma-goma, ba ƙarin aikin gida irin wanda ya riga ya faɗi ba. Digirin lissafi ba ya koyar da wannan. Sau da yawa ma wanda lissafi ya zo masa da sauƙi shi ne ya fi kasa gane abin da ke rikita wanda bai zo masa da sauƙi ba.

Wata mai bincike 'yar asalin ƙasar Sin, Liping Ma, ta wallafa littafi a 1999 inda ta kwatanta malaman firamare na Amurka da na Sin. Ɗaya daga cikin tambayoyinta ita ce a raba ɗaya da uku bisa huɗu da rabi, sannan a ƙirƙiro labarin da ya dace da lissafin. Malaman Amurka, waɗanda suka fi takwarorinsu yawan shekarun karatu, kusan dukkansu sun kasa kawo labarin da ya dace; da yawa sun kawo labarin raba abu tsakanin mutum biyu, wanda rabawa da biyu ne, ba da rabi ba. Mafi yawan malaman Sin sun kawo. A Hausance labarin mai sauƙi ne: tela yana da yadi ɗaya da kwata uku, kowace hula tana cin rabin yadi, hula nawa zai fitar? Uku, da ragowar da ta kai rabin wata. Abin lura a binciken shi ne yawan shekarun jami'a bai tabbatar da wannan fahimta ba. Malaman Sin sun same ta ne daga nazarin littafin da suke koyarwa da kuma zama da abokan aiki suna tattauna darasi.

Karatu, da batun harshe

A fannin koyar da karatu lamarin ya fi tsanani, domin na dogon lokaci ba a ɗauke shi a matsayin fanni mai zaman kansa ba a makarantun horar da malamai. Ana koyar da Turanci, ana koyar da Hausa ko Yarbanci ko Ibo, a matsayin nahawu da adabi. Amma yadda yaro ke tashi daga jin sauti zuwa gane harafi, daga harafi zuwa gaɓa, daga gaɓa zuwa kalma, har ya riƙa karatu da saurin da zai ba shi damar fahimta, wannan an bar wa malami ya laluba da kansa. Abin da yakan biyo baya kowa ya san shi: malami ya karanta, aji ya amsa da ƙarfi, a maimaita har a haddace. Mai wucewa ta bayan taga zai ɗauka ana karatu. Sai an ware yaro guda an nuna masa kalmar da bai taɓa gani ba ake gane gaskiya.

Rubutun Hausa na boko yana da sauƙin koyo idan an bi shi ta hanyarsa, domin kusan kowane harafi sauti guda yake wakilta, kuma gaɓoɓin kalma a fili suke. Duk da haka yana da nasa tarko. Ba a nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa gari na zama da gari na tuwo suke da rubutu ɗaya, sai jimla ta raba su. Akwai kuma haruffa masu lanƙwasa da yaro ke buƙatar a tsaya masa a kansu. Turanci kuwa wata duniya ce daban, inda harafi guda ke da sauti iri-iri, kuma yaron bai ma san ma'anar kalmar da yake ƙoƙarin furtawa ba. Malamin aji ɗaya zuwa uku yana buƙatar sanin duka biyun, da kuma yadda ake haye gadar da ke tsakaninsu.

Ba a rasa ƙwarewa a ƙasar nan ba. Shirin shekara shida na Ife, wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, ya koyar da yara da Yarbanci har ƙarshen firamare, kuma sakamakonsu bai gaza na takwarorinsu ba ko a Turanci. A 'yan shekarun baya shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA da ya faro a Katsina da Zamfara, sun samar da littattafan ɗalibi da jagoran malami cikin Hausa, darasi bayan darasi. Jami'ar Bayero ta Kano ta kafa cibiyar bincike kan koyar da karatu tare da haɗin gwiwar wata jami'ar Jihar Florida ta Amurka. Sai dai yawancin wannan aiki kuɗin masu ba da agaji ne ya ɗauke shi, kuma horon da aka ba malamai na 'yan kwanaki ne a bakin aiki. Idan wa'adin shiri ya ƙare, abin da bai shiga manhajar kwaleji da jami'a ba yakan bi shi. Rufe hukumar USAID a 2025 ya nuna hatsarin jingina da wannan bango.

Sannan ga sauyin manufa. A ƙarshen 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a riƙa koyarwa da harshen uwa a duk shekaru shida na firamare. A watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da soke wannan manufa, Turanci ya zama harshen koyarwa tun daga matakin farko. Masana harshe da dama sun soki matakin, masu goyon baya kuma suka kafa hujja da faɗuwa a jarrabawa. Ko wanne ɓangare ne ke da gaskiya, abin da ya shafi horar da malamai a bayyane yake. Manufar 2022 ba ta samu malaman da aka shirya mata ba kafin a soke ta, ta 2025 ma ba ta zo da nata ba. Koyar da yaron da bai jin Turanci karatu da Turanci aiki ne da ya fi wancan wuya, yana kuma buƙatar horo na musamman kan koyar da harshe na biyu. Malamin ƙauye zai ci gaba da yin abin da ya saba, ya rubuta da Turanci ya yi bayani da harshen gari, ba tare da an taɓa nuna masa yadda ake yin hakan da tsari ba.

A kimiyya matsalar da aka fi ambata ita ce rashin ɗakin gwaji, kuma gaskiya ce. Amma kimiyyar firamare ba ta dogara da kwalabe da sinadarai ba. Ƙwayar wake a cikin gwangwani, inuwar sanda da safe da azahar, randa da ke sanyaya ruwa, duka darussa ne. Abin da malami ke buƙata shi ne ya san cewa yaro ba ya zuwa aji da kai fanko. Ya riga ya yi wa kansa bayanin abin da ke kawo zazzaɓi, da inda rana ke tafiya da dare, da abin da shuka ke ci. Idan ba a fito da wannan bayani an gwada shi ba, yaro zai haddace na littafi domin jarrabawa, ya riƙe nasa domin rayuwa. Shirin SMASE, wanda aka faro a 2006 da taimakon ƙasar Japan a jihohin Kaduna da Neja da Filato, a kan wannan tunani aka gina shi, har da amfani da kayan da ake samu a gari. Shi ma horon bakin aiki ne.

Ilimin zamantakewa kuwa an mayar da shi darasin da ake miƙa wa duk malamin da ya rage. Sabuwar manhajar da aka sanar a 2025 ta rage yawan darussa, ta kuma tabbatar da tarihin Najeriya a matsayin darasin dole daga firamare zuwa ƙaramar sakandare, bayan shekarun da ya yi a gefe. Wanda zai koyar da jihadin 1804, ko haɗewar 1914, ko yaƙin basasa, ga aji mai yara daga ƙabilu da addinai daban-daban, yana buƙatar fiye da jerin shekaru. Yana buƙatar sanin yadda ake gudanar da tattaunawa a kan abin da iyayen yaran kansu ba su yi ittifaƙi a kai ba. Ba kasafai ake samun wannan a lacca ba.

Abin da wasu suka yi

Ana yawan kawo misalin Finland, inda tun ƙarshen shekarun 1970 malamin firamare sai da digiri na biyu. Misalin ya yi nisa da halin da ake ciki a nan. Na Ingila ya fi kusa, domin can ma mai digiri yakan yi kwas na shekara guda ne ya zama malami. Bambancin shi ne ɗalibin yana shafe kimanin kwana 120 na wannan shekara a cikin makaranta, ƙarƙashin wani gogaggen malami da ke kallon darasinsa yana yi masa gyara. Ghana kuma ta bi hanyar da Najeriya ke shirin bi: a 2018 ta mayar da kwalejojin iliminta masu bayar da digiri na shekara huɗu, ta kuma soma jarrabawar lasisi. Amma ba suna kawai ta sauya ba. Ta sake rubuta manhajar, ta raba ta bisa matakin da malami zai koyar, ta sa ɗalibai su fara zuwa makarantu tun daga shekarar farko. Duk da haka yawan faɗuwa a jarrabawar lasisin ya zama abin cece-kuce a can, wanda ke nuna cewa gyaran ba ya nuna 'ya'yansa da wuri.

A Najeriya koyarwar gwaji ita ce sashen da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Malamin jami'a guda yakan sami ɗalibai da yawa warwatse a makarantu masu nisa, kuɗin zirga-zirga kuma ba ya isa ko ba ya zuwa a kan lokaci, ko da yake asusun TETFund yana ba da wani tallafi domin wannan aiki. Ɗalibi yakan ga mai duba shi sau ɗaya ko biyu, a ba shi maki, shi ke nan. Malamin ajin da aka kai shi wurinsa kuma sau da yawa hutu yake samu, ba almajiri ba. Akwai kuma tambayar da ba a son yi: nawa ne daga cikin masu koyar da dabarun koyarwa a jami'a suka taɓa riƙe ajin firamare na yara tamanin ko ɗari har zango ya ƙare? Ƙarin girma a jami'a da wallafa maƙala ake samunsa, ba da awannin da aka shafe a bayan aji ana kallon ɗalibi yana koyarwa ba.

Digiri na biyu a fannin ilimi shi ma yana da irin tasa matsalar. Wanda ya same shi yawanci ya kama hanyar barin aji ke nan, zuwa ofis, ko sashen duba makarantu, ko koyarwa a kwaleji. Tsarin aiki bai tanadi matsayin da gogaggen malamin karatu ko lissafi zai ci gaba da zama a makaranta yana horar da na ƙasa da shi, yana kuma karɓar albashin da ya dace da iliminsa ba. Ƙasa tana kashe kuɗi ta ƙara wa mutum sani, sannan ta ɗauke shi daga wurin da ake buƙatar sanin.

Duk wannan kuma yana komawa ga wanda ke shiga aikin tun farko. A 2025 mafi ƙarancin makin JAMB na shiga kwalejin ilimi 100 ne cikin 400, ƙasa da na jami'a, kuma kowa ya san saƙon da hakan ke aikawa. A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin tsarin albashi na musamman ga malamai, a shekarar da ta biyo baya aka sanar da alawus na naira 75,000 a kowane zango ga masu karanta ilimi a jami'a da 50,000 ga masu NCE. Abin da ya tabbata a doka shi ne ƙarin shekarun ritaya zuwa 65, ko shekara 40 na aiki, a 2022. A 2025 malaman firamare na Babban Birnin Tarayya sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Mai digirin lissafi ko kimiyyar lissafi da ya ga wannan, in ya shiga aji, yana jiran wata ƙofa ce ta buɗe.

Wa'adin 2027 zai tura dubban masu digiri neman rajista cikin ɗan lokaci, kuma cibiyoyin horarwa za su cika. Hukumomin da abin ya shafa, wato TRCN da cibiyar Kaduna da Hukumar Kula da Jami'o'i da ta kwalejojin ilimi, suna da ikon tsayar da abin da za a koyar a waɗannan watanni, da kason da za a ba fannin da mutum zai koyar, da adadin darussan da dole a zauna a kalle shi yana gabatarwa kafin a sa masa hannu. Jarrabawar cancanta da TRCN ke gudanarwa tun 2017 a kan kwamfuta ake yin ta, da tambayoyi masu zaɓin amsa. Tana iya tantance wanda ya karanta littafin dabarun koyarwa, amma ba ta ganin abin da zai yi idan yaro ya miƙo masa 45 a matsayin amsar 52 a cire 17.